Martani: Ba Kowane Famfo Ne Ke Buƙatar Na'urar Sauya Gudu Ba

An buga wata maƙala kwanakin baya wadda ta yi kira ga masu masana'antu da hukumomin ruwa da manoman rani, har da masu otal da gidajen haya, cewa su ɗaura wa kowane famfo da kowace fanka na'urar sauya gudu, wadda masu aikin wuta suka fi sani da VFD. Malam marubucin ya jingina ne da hujja guda: idan aka rage gudun inji da kashi 20 cikin ɗari, wutar da yake sha za ta ragu da kusan rabi, saboda haka na'urar za ta mayar da kuɗinta cikin 'yan watanni, kuma ya kamata gwamnati ta wajabta ta kamar yadda ya ce an yi a Turai. Damuwar da ta sa ya ɗauki alƙalami ta gaskiya ce. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan yunit ɗaya a watan Afrilun 2024, duk mai injin da ke juyawa dare da rana ya ji a jikinsa. Binciken da hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa injunan lantarki ne ke shan kashi 43 zuwa 46 cikin ɗari na wutar da duniya ke amfani da ita, kuma famfuna da fankoki suna cikin manyan masu sha. Inda muka rabu da Malam shi ne ya ɗauka tanadin wuta abu ne da ke zuwa a cikin akwatin na'urar, duk inda aka rataye akwatin sai ya fito. Ba haka ba ne. Tanadin yana cikin bututu, da tsayin da ake ɗaga ruwa, da yadda buƙata ke hawa da sauka a yini. Inda waɗannan suka dace, na'urar tana yin abin mamaki. Inda ba su dace ba, kuma irin wannan wurin ya fi yawa a ƙasarmu, mai saye zai biya kuɗin na'ura, ya biya na gyara, kuɗin wutarsa kuma yana nan yadda yake.

Mu fara da ba shi haƙƙinsa, domin ƙa'idar da ya kawo ba ƙagaggiya ba ce. Wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, abin da ake bugawa 50 Hz a farantin da ke jikin inji, kuma wannan adadin ne ke yanke gudun injin: galibi kusan juyi 2,900 a minti, ko kusan 1,450. Aikin na'urar shi ne ta karɓi wutar, ta mayar da ita irin ta batir, sannan ta yayyanka ta ta fitar da ita da adadin da ake so, 45 ko 40 ko 30, injin ya bi. Ba baƙuwa ba ce, kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa tun 1968. Famfo mai farfela da fanka kuma ɗabi'arsu sananniya ce. Idan gudu ya sauka zuwa 0.8 na asali, ruwan ko iskar da ake turawa zai sauka zuwa 0.8, ƙarfin turin zai sauka zuwa 0.8 sau 0.8, wato 0.64, wutar da ake buƙata kuma zuwa 0.8 sau 0.8 sau 0.8, wato 0.512. Daga nan rabin da Malam ke magana ya fito, kuma lissafin ba kuskure. Sai dai yana da sharaɗin da maƙalar ba ta ambata ba ko sau ɗaya: ba ya cika sai idan duk abin da famfon ke yaƙi da shi abu ne da ke raguwa idan ruwan ya rage sauri.

Ga inda gizo ke saƙar. Famfo yana kashe ƙarfinsa a kan abu biyu. Na farko shi ne gogayyar ruwa da cikin bututu, da lanƙwasa, da bawul, da matata. Wannan kam yana faɗuwa ƙasa warwas da zarar ruwa ya rage sauri. Na biyu shi ne ɗaga ruwa daga inda yake zuwa inda ake son sa, kuma wannan ba ruwansa da sauri. Mai jan guga ko ya ja a hankali ko da gaggawa, zurfin rijiyar bai canza ba, kuma gugan da bai kai baki ba bai shayar da kowa ba. To, mu dubi famfon da ya fi kowanne yawa a Arewa, wato sumo, wanda ke nutse a cikin rijiyar burtsatse yana tura ruwa zuwa tanki a kan hasumiya. Mu ƙaddara ruwan yana tsayawa a mita 50 ƙasa da doron ƙasa yayin da ake ja, bakin tankin kuma yana mita 10 a sama. Tsayin da za a ɗaga mita 60 ke nan. Gogayyar bututun, idan mai aikin bai yi rowar faɗinsa ba, mu ce daidai take da ƙarin mita 6. Mu ce kuma famfon, a cikakken gudunsa, iyakar inda zai iya cilla ruwa mita 90 ne. Yanzu a bi shawarar Malam a rage gudu da kashi 20. Ƙarfin turi ya koma 0.64 na mita 90, wato mita 57.6. Bakin tanki yana mita 60. Ruwan zai hau bututu ya tsaya mita biyu da ɗoriya ƙasa da baki, injin yana juyi, mitar wuta tana cin yunit, ruwan da ke cikin famfon yana dama kansa yana ɗumama, tankin kuma ko ɗigo bai samu ba. A wannan rijiya ruwa yana yankewa ne a wajen 41 Hz, saboda haka duk filin da na'urar ke da shi tsakanin 41 ne da 50, kuma tun kafin a kai 41 ruwan ya riga ya zama siriri.

Wani zai ce to a tsaya a 46 ko 47 mana, ai dai an rage wani abu. Kilowat ɗin da ake gani a fuskar na'ura zai ragu, gaskiya ne, kuma wannan ne ke ruɗin mutane da yawa. Amma mai tanki ba kilowat yake saye ba, ruwa yake saye, kuma tambayar ita ce yunit nawa aka ƙona kafin tankin ya cika. Ɗaga lita 10,000 zuwa mita 60 yana buƙatar kusan yunit 1.6 na tsantsar aiki, kafin a haɗa da asarar inji da ta famfo, kuma babu wata na'ura a duniya da za ta rage wannan. Abin da ke hannun na'urar kawai shi ne mita 6 ɗin gogayya cikin mita 66, wato kashi 9 cikin ɗari, ko da za ta share shi gaba ɗaya, alhali ba za ta iya ba. Daga cikin wannan ɗan ragowar sai a cire abin da ita kanta take ci, kashi 2 zuwa 4 na wutar da ke ratsa ta, wanda take zubarwa a matsayin zafi. Sai a cire wata asarar: kowane famfo yana da adadin ruwan da ya fi ƙwarewa a kansa, kuma idan aka rage masa gudu alhali tsayin bai ragu ba, yana zamewa daga wannan wurin, ya ƙara ɓarnar wuta a kan kowace lita, ya kuma ɗauki awanni fiye da da. Ba wuya a ƙarshe a tarar an ƙona yunit fiye da na baya. Wannan ba ra'ayin masu ƙin ci gaba ba ne. Jagorar da ƙungiyar masu ƙera famfo ta Amurka, Hydraulic Institute, da takwararta ta Turai, Europump, suka fitar tare da ma'aikatar makamashi ta Amurka a 2004, duk da cewa an rubuta ta ne don ƙarfafa amfani da na'urar, ta yi wannan gargaɗin kan tsarin da ɗaga ruwa ya fi gogayya yawa a cikinsa. Akwai kuma abin da Malam ya tsallake: famfon da ke cika tanki ya riga ya mallaki hanyar daidaita kansa mafi arha, wato fulot ɗin da ke kashe shi idan tanki ya cika. Yana aiki a inda ya fi ƙwarewa, sannan ya tsaya cak, kuma injin da ke tsaye ba ya shan komai. Manyan alƙaluman tanadi da ake gani a takardun talla an auna su ne da famfon da ake shaƙe wa ruwa da bawul, ba da famfon da ke kashe kansa ba.

Inda maganar Malam ta fi ƙarfi shi ne fanka, kuma a nan ina tare da shi kusan ɗari bisa ɗari. Iska ba ta da nauyin da za a ce ana ɗagawa, kusan duk aikin fanka gogayya ne, saboda haka ƙa'idar tana cika ko ta kusa. Mu ɗauki fankar masana'anta mai shan kilowat 30, wadda aka rufe wa ƙofar iska kaɗan don iskar ta yi yawa. Rufe ƙofa ba ya rage wuta sosai, mu ce ta sauka zuwa 27. Idan aka buɗe ƙofar aka rage gudu zuwa kashi 80, za ta koma wajen 16 ko 17 har da asarar na'urar. Kilowat 10 sau awa 6,000 a shekara yunit 60,000 ne, kuma a kan naira 200 kacal wannan naira miliyan 12 ne. Haka abin yake ga famfon da ke zagayawa da ruwan sanyi a rufaffen bututu a babban gini, inda ruwan da ya hau yake saukowa ya biya hawansa, da famfon da ke riƙe matsin ruwa kai tsaye a otal ko asibiti, inda ake rububin wanka da asuba amma tsakar dare ba mai buɗe famfo. Amma ko a nan akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a ciro kuɗi: buƙatar tana canzawa ne, ko kuwa injin ne kawai aka sayo ya yi girma? Wannan na biyun ya zama ruwan dare, domin mai zane yana ƙara kaɗan don tsaro, ɗan kwangila ya ƙara nasa, mai shago kuma ya ba da wanda ke kan kanta. Idan fankar kullum kashi 80 ake so daga gare ta, kuma da bel take juyawa, canza fuli zai ba da wannan ragin gudun da wannan tanadin, a kan ɗan kuɗi kaɗan, ba tare da wani abin da zai ƙone ba. Idan famfo ne, ana iya kai farfelarsa wurin mai injin gyaran ƙarfe a rage mata faɗi gwargwadon abin da masu ƙera ta suka yarda, ko a sayi ƙarami wanda ya dace. Na'urar sauya gudu maganin buƙata mai sauyawa ce. Sanya ta don rufe kuskuren da aka yi wajen zaɓen inji hanya ce mai tsada ta gyara abin da ke da gyara mai sauƙi.

Batun hukumomin ruwa gajere ne. A birnin da ruwan da ake tacewa bai kai abin da jama'a ke nema ba, kamar yadda kowane mazaunin Kano ya sani, famfo ba ya samun lokacin da za a ce masa ya sassauta. Muddin akwai wuta a cikakken gudu yake, kuma injin da ke cikakken gudu ta cikin na'ura ya fi wanda aka haɗa kai tsaye shan wuta da wannan kashi 2 zuwa 4. Rage matsi da dare don rage yoyon bututu dabara ce mai kyau, amma sai a unguwar da ruwa ke kwana a bututu.

Maƙalar ta ambaci illoli a layi biyu ta wuce, kamar ba su da nauyi. Suna da shi, kuma yanayinmu yana ƙara musu. Galibin waɗannan na'urori an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfinsu a zafin da bai wuce maki 40 ba a ma'aunin Selshiyos, abin da ya haura nan sai an rage musu kaya ko a sayi wadda ta fi girma. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin inuwa yakan haura 40 a watan Afrilu da Mayu, balle a ɗakin famfo mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe a kulle saboda ɓarayi. A cikin wannan ɗakin ne na'urar injin kilowat 30 za ta riƙa zubar da zafin kusan kilowat ɗaya. Kafasitocin da ke cikinta su ne suka fi saurin tsufa, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin maki 10 yana rage rabin kwanansu. Sai ƙura. A bayan na'urar akwai jerin faifan alminiyum masu tsaga-tsaga da wata 'yar fanka da ke hura musu iska. Bayan hunturu guda a wurin da ba a kula, ko 'yan watanni a kamfanin casar shinkafa, tsagogin sukan toshe da ƙura har ta yi tauri, 'yar fankar ta fara kuka, na'urar ta riƙa yankewa da rana tsaka tana nuna lambar zafi. Idan damina ta zo ƙurar ta sha laima, sai ta zama hanyar wuta a kan allon lantarki. Ga kuma wutarmu mai hawa da sauka da ɗauke layi ɗaya cikin uku. Na'urar tana kare kanta ta hanyar tsayawa, wanda abu ne mai kyau, amma a wurin mai aikin da ake jira ya ba da ruwa, tsayawa sau biyar a yini dalili ne na ya kira mai wuta ya zagaye ta ya haɗa injin kai tsaye. Duk wanda zai yi lissafin riba ya sa wannan ranar a ciki.

Injin shi ma yana biyan nasa kason. Wutar da na'ura ke fitarwa ba sumul take ba, gutsattsari ne masu kaifi, dubbai a daƙiƙa. Idan wayar da ke tsakanin na'ura da inji doguwa ce, kuma ta rijiyar burtsatse doguwa ce dole, gutsuren yana dukan bakin injin ya dawo ya haɗu da mai bi masa, har ƙarfin ya kusa ninkawa. A layin bolt 415 wannan yana iya haura bolt 1,000 a kan zagayen farko na koyil. Sabon injin da aka ƙera don aiki da na'ura yana jurewa. Injin da aka sake naɗa wa koyil sau biyu a bakin kasuwa, da wayar da aka samu da fentin da aka samu, ba don wannan aka shirya shi ba, kuma irinsa ne ya cika masana'antunmu. A manyan injuna akwai ƙarin matsala: wuta tana taruwa a kan ƙarfen da ke juyawa ta nemi hanyar ƙasa ta cikin boris, tana tartsatsi ta ratsa giris. Idan aka fasa irin wannan boris za a ga hanyar ƙwallayen ta yi layi-layi a jere a tsaye, giris ɗin ya yi baƙi, kuma an daɗe ana jin gurnaninsa kafin ya mutu. Sumo kuwa yana da nasa sharuɗɗan. Ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne ke sanyaya shi, idan ruwan ya yi kaɗan sai ya yi zafi. Boris ɗin da ke ɗauke da nauyinsa a ƙasa a kan siririn ruwa yake shawagi, kuma ba ya samun wannan shawagin sai gudu ya kai wani mataki. Shi ya sa kamfanin Franklin Electric ya gindaya a littafin jagorarsa cewa injinsa ya kai 30 Hz cikin daƙiƙa ɗaya da tashi. Mai saitin da ya ba sumo doguwar tashi a hankali da niyyar tausaya masa, cinye masa boris yake yi.

Za a ce duk waɗannan suna da magani, kuma suna da shi: akwati mai hana ƙura, ɗaki mai iska, matatar wuta a bakin fita, waya mai sulke, boris mai rufin da wuta ba ta ratsawa, koyil ɗin shaƙe wuta a bakin shiga. Abin da nake cewa shi ne kowannensu kuɗi ne, mafi yawansu da dala ake shigo da su, kuma babu ko ɗaya a cikin lissafin 'yan watannin da Malam ya yi. Koyil ɗin shaƙe wutar nan yana da muhimmanci na musamman ga mai janareta. Na'urar ba ta jan wuta sumul, fizga take yi, kuma fizgar tana haifar da gurɓatattun igiyoyi a layin, musamman a 250 Hz da 350 Hz, waɗanda ke ɗumama taransfoma, su lalata kafasitocin gyaran wuta, su rikita wasu na'urorin da ke kan layi ɗaya. Saboda su ne aka kafa ma'aunin IEEE 519. Babban layin gari yana iya haɗiye wannan, amma janaretan da na'urar ta zama mafi girman kayansa yana wahala, na'urar daidaita ƙarfin wutarsa tana iya fara rawa. Sannan ragin kilowat ba ya zama ragin dizal ɗaya bisa ɗaya. Janareta yana shan mai ko ba kaya a kansa, kuma injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 na ƙarfinsa yakan fara tara ɗanyen mai da baƙin hayaƙi a salansa. Wanda ya rage rabin wutar fankarsa bai rage rabin jarkokinsa ba, sai idan ya canza janaretan ma.

Akwai hujjoji uku da mai kare maƙalar zai iya kawowa, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko ita ce tashi. Injin da aka haɗa kai tsaye yana fizgar wuta ninki shida ko bakwai na abin da ya saba a lokacin tashi, fitilu su lumshe, janareta ya durƙusa, ruwa ya daki bututu. Na'urar tana tada shi da wutar da ba ta wuce ta aikinsa da yawa ba, har ƙaramin janareta ya iya ɗaukar injin da a da sai babba. Wannan riba ce ta gaske, wani lokaci ita kaɗai ta isa dalilin saye. Amma riba ce ta daban, sai a auna ta da sunanta, a kuma kwatanta ta da sitata mai tada inji a hankali, wadda ta fi arha kuma take fita daga layin da zarar injin ya tashi. Ta biyu ita ce rijiyoyin sola da suka bazu daga Zandar zuwa Zariya, waɗanda akwatin da ke sarrafa su na'urar sauya gudu ce. Haka ne, kuma ba za su yi aiki ba sai da ita. Sai dai a can ba buƙata ce ke sauyawa ba, rana ce, kuma aikin na'urar shi ne ta bi hasken da aka samu. Rijiyar sola ma shaida ce a kan maganata: da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, famfon rijiya mai zurfi yana iya juyi na ɗan lokaci ba tare da ruwa ya kai tanki ba, saboda gudun bai kai na tsallake tsayin ba. Ta uku ita ce rijiya mai ƙarancin ruwa. A yankunan da ƙasarsu ke kan tsohon dutse, kamar sassa da yawa na Kano da Kaduna, ruwan yana cikin tsagogin dutse ne, kuma famfon da ya fi ƙarfin rijiya yana zuƙe ta ya fara shan iska. Rage masa gudu ya daidaita da abin da rijiyar ke iya bayarwa yana ceton famfon, yana kuma hana ruwan faɗawa ƙasa sosai, wanda ke rage tsayin da ake ɗagawa. A nan na'urar tana da gurbi, ko da yake ƙaramin famfon da aka zaɓa bayan gwajin rijiya yakan yi wannan aikin. Duka ukun dalilai ne na wuri da wuri. Babu wanda ya ce rabin kuɗin wuta, babu kuma wanda ya ce kowane famfo.

Maganar Turai kuwa tana buƙatar gyara, domin ba abin da aka yi ke nan ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 640/2009 ta ce daga Janairun 2015 sabon inji mai ƙarfin kilowat 7.5 zuwa 375 dole ya kai matakin inganci na IE3, ko kuwa ya zama IE2 amma a haɗa shi da na'urar sauya gudu. Zaɓi ne aka bai wa mai saye, ba tilas ba. Da aka sabunta dokar da mai lamba 2019/1781, daga Yulin 2021 an cire wannan zaɓin: injin ya kai IE3 ko da na'ura ko babu, sannan aka sanya wa na'urorin kansu iyakar wutar da za su ɓarnatar. Ƙasashen da suka fi mu injiniyoyi da tsayayyiyar wuta da sanyin yanayi ba su wajabta ta a kan kowane famfo ba. Idan muka yi haka a nan, abin da zai biyo baya a bayyane yake: za a cika ƙa'ida da mafi arhar na'urar da ke kasuwa, ba matata ba kariya, a rataye ta a bangon ɗakin famfo, ta ƙone a bazara ta biyu, kuma mai masana'antar da fankarsa ke buƙatarta da gaske zai ji labari ya ce Allah ya kiyaye. Wannan asarar ta fi damuna, domin miliyoyin da ke cikin fankokin nan na gaske ne.

Idan akwai abin da ya cancanci a wajabta, a kwangilolin gwamnati aƙalla, awo ne kafin saye. A ɗaura wa injin mitar da ke rubuta abin da yake sha na mako guda ko biyu, a san awa nawa yake yi a cikakken kaya, nawa a rabi. A auna tsayin da ake ɗaga ruwa daban, a auna gogayya daban, da agogon matsi a bakin famfo da igiyar awo a rijiya. A je a duba bawul ko ƙofar iska da ido: idan a rabin rufe suke yawancin yini, kuma ana juya su daga lokaci zuwa lokaci, akwai wutar da ake zubarwa kuma na'urar za ta iya kamo ta. Idan kullum a wuri ɗaya suke har hannun ya yi tsatsa, fuli ko farfela za a fara dubawa. Sannan a rubuta a takardar yarjejeniya yunit nawa ake ƙonawa kan kowace lita 1,000 kafin aiki, da nawa mai sayarwa ya yi alkawari bayan aiki, tare da farashin matata da akwati da sunan wanda zai zo gyara daga wane gari, a kuma riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai na'urar ta ga bazara ɗaya da hunturu ɗaya an sake karanta mita.